Wata bai ƙare ba, albashi ya ƙare: ku zo mu yi lissafin gida

Mushe na Wadata:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da maganar da ta daɗe tana cin raina, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a garin nan na Tawa. Ni malamin lakwal ne. Abin da ke shigo mini a wata, albashi haɗe da ɗan darasin yamma da nake yi wa yaran unguwa, jika 120 ne (jika ɗaya sefa dubu ke nan). Mu bakwai ne a gida: ni, uwargida, yara huɗu da ƙanena da ke karatu a lise. Haya jika 20. Hatsi da shinkafa wajen jika 25, tiya-tiya nake saye. Cefane jika ɗaya kullum, ke nan 30. Wuta da ruwa 10. Man moto 8. Tsohuwata a ƙauye 10. In kun haɗa, 103 ne. A takarda jika 17 sun rage. A aljihu kuwa, kafin 20 ga wata na koma littafin mai butik. Ba na shan taba, ba na caca, shayi ma a gida nake sha. To ina kuɗin ke bi? Waɗanda suka iya riƙon gida su taimaka da shawara, don Allah ta gaskiya, wadda mutum zai iya aikatawa.

Ɗan Ader a Abijan:
Wa alaikumus salam Mushe. A lissafinka ban ga buki ba, ban ga suna ba, ban ga gaisuwar rasuwa ba, ban ga kredin salula ba, ban ga magani ba. Nan jika 17 ɗinka suke.

Inna ta Guben Zogi:
Ɗana, sannu da ƙoƙari. Kai dai ka zauna ka rubuta, wasu ko tambayar kansu ba su yi. Amma abin da ya tsaya mini a maganarka shi ne "tiya-tiya nake saye". Nan ne babban rami. Ni hatsi nake sayarwa a ƙofar gida tun kafin a haifi wasunku, don haka bari in gaya maka abin da ke rage mini ciniki amma gaskiya ne.

Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne, ko kusa da haka. Mu ce da kaka tiya ta sauko dala 120 (dala ɗaya sefa 5 ce, dala 200 ke yin jika), da tsakiyar damana kuma ta kai jika ɗaya. Misali nake ba ka, kowace shekara da nata farashi, amma hawan nan da saukar nan ba su taɓa fashi ba. Bambancin dala 80 ne a kowace tiya, jika 16 ke nan a buhu guda. Gida mai mutum bakwai, tuwo da hura da kokon safe, tiya guda a yini ba ta yi yawa ba. Daga Yuni zuwa Satumba, wata huɗun da hatsi ke tsada, buhu uku za ku ci. In ka saye su a Nuwamba ka jingine a ɗaki bisa katako, ka tsira da jika 48. Ba wanda ya ƙara maka albashi, lokacin saye kawai ka canza.

Haka albasa. Muna zaune a ƙasar albasa, Galmi da Madawa da Tabalak duk namu ne, amma sai ka ga mace a Tawa tana sayen ƙwaya biyu da tsada a watan Oktoba, alhali a Maris da Afrilu an zube ta a kasuwa ana neman mai ɗauka. Manoma a rudu suke ajiye tasu, mu na gari sai mu shimfiɗa a inuwa inda iska ke ratsawa, kada ta hau kan juna, ana dubawa ana fidda wadda ta fara laushi. Tumatir lokacin sanyi a yanka a shanya a yi kauɗa. Kuɓewa haka, tattasai haka, ganyen albasa a yi gabu. Matar da ke da waɗannan a ɗaki, rabin kuɗin miyarta na hannunta.

Mai Kabu-kabu:
Inna, da girmamawa, maganarki ta masu abin hannu ce. Buhu uku a jika 24 kowanne, jika 72 ke nan a dunƙule. Ni abin da na samu yau shi ake ci yau. In na biya mai moto kuɗinsa na yini, na zuba mai, abin da ya rage da wuya ya wuce jika biyu. A ina zan ga jika 72? Shi ma Mushe, watan da hatsi ke arha shi ne watan da aka buɗe lakwal, ga littattafai, ga kayan yara. Talaka ya san buhu ya fi arha. Ba rashin sani ke sa shi sayen tiya ba.

Mai Butik na Sabon Gari:
Wannan gaskiya ne, kuma ni shaida ne. Litar man gyaɗa guda, in na ƙulla ta a leda ƙanana na dala 10 da na dala 20, abin da nake samu ya fi in na sayar da ita a dunƙule. Sukari haka, madarar gari haka, omo haka. Ba cuta ba ce, akwai kuɗin leda da wahalar ƙulli da abin da ke zubewa. Amma a ƙarshe wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa biyan tsada. Akwai matar da ke aiko yaro sau uku a yini: man dala 20, magi biyu, sukarin dala 10. Na ce mata ta haɗa na sati ta saya sau ɗaya, ta ce maigida kullum da safe yake ba da na yini.

Maman Nana:
To madalla da Mai Butik ya kawo nan, don nan nake jira. Maza da yawa na son mace ta yi tattali, amma ba su son ta san nawa suke samu. Ka ajiye mata jika ɗaya da safe ka fita, ka dawo da baƙi biyu da azahar, sannan ka ce ba ta iya riƙo ba. Mushe, ka yi haƙuri da tambayar: wannan lissafin da ka kawo mana, Madam ta taɓa ganinsa?

Mushe na Wadata:
Ta san kuɗin haya da na cefane. Jimillar albashin ce ba mu taɓa zama a kanta ba.

Maman Nana:
To ka fara daga nan, yayana. Ita ke tsaye gaban tukunya, ita ta san inda ake ɓarna da inda ake ƙwauro. A gidanmu, tun da maigida ya koma ba ni na wata gaba ɗaya, jika 30 ɗin nan da a da ba su isa, yanzu mai nake saye jarka ƙarama, magi kwali, sabulu sanda, gishiri da kanwa na wata. Abin da ya rage na raba shi sati huɗu, kowane sati a ƙulle daban. Nama sau biyu a sati, sauran ranaku wake, ko busasshen kifi, ko dambun zogale da ƙuli-ƙuli, kuma yara na ci suna ƙoshi. Tuwon da ya kwana ɗumame ne da safe, ba a zubar wa awaki. Mace in ta san iyakar abin da ke akwai, ba ta roƙon abin da babu.

Alhaji mai Taya:
Ban yarda da wannan ba. Ranar da mace ta san albashinka, ranar danginta suka sani. Daga nan sai buƙatu. Kakanninmu ba su buɗe rumbu a gaban kowa ba.

Maman Nana:
Alhaji, rumbu a tsakar gida yake, kowa na ganin girmansa, kuma matar gida ta san dami nawa aka zuba. Albashi ne ke ɓoye a banki da salula.

Alhaji mai Taya:
Ni dai na ga gidajen da haka ta kawo rigima.

Inna ta Guben Zogi:
Ni ma na gani, Alhaji, amma na fi ganin gidajen da maigida ya faɗi ciwo ko ya rasu, matar ba ta san ana binsa bashi ba, ba ta san yana bin wani ba. Kowa ya san halin matarsa. Wadda ke da riƙon sirri a ba ta amana, wadda ba ta kai ba a fara da kuɗin sati a gani.

Bari in koma kan ɗana Mai Kabu-kabu, don maganarsa ta fi ta kowa nauyi. Ɗana, ban ce ka nemo jika 72 gobe ba. Dala 40 kullum, kuɗin ɗaukar fasinja guda. A wata jika 6 ne. Daga Disamba zuwa Nuwamba mai zuwa, jika 72 cif. Na san ba kullum ake samu ba, akwai ranar da moto ke garaji, akwai ranar da yaro ba lafiya. Ko rabi ka tara, buhu da rabi ne. Kuma kada ka ajiye a aljihu ko ƙarƙashin katifa, hannu zai kai. Ka shiga adashe, ka roƙi uwar adashe ta sa kwasarka ta faɗo a kaka. Mutane na rububin kwasar farko, ko ta gab da Salla. Mai hankali ta Nuwamba yake nema.

Madam ta Ƙungiya:
Ina goyon bayan Inna. Tsarin Mata Masu Dubara a nan Nijar aka fara shi, a yankin Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, kuma yau ƙasashe da yawa na Afirka sun kwaikwaya. Mata ne na ƙauye da ba su da albashi, suna zuba abin da ya sawwaƙa duk sati a akwati mai kwaɗo, makullai a hannun mutane daban-daban, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa. Wadda ta shiga matsi ta ranta, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Ƙungiyarmu da gangan muka sa ranar rabo bayan girbi. Wasu su sayi hatsi, wasu ɗan tunkiya. Maza ma na iya yin irin wannan, 'yan kabu-kabu na tasha guda sun isa ƙungiya.

Malam na Masallacin Unguwa:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Abu biyu zan faɗa. Na farko, kada wani ya ji kunyar tattali ko ya ɗauka rashin tawakkali ne. A Suratul Furƙan, aya ta 67, Allah Ya yabi bayinSa da cewa idan sun ciyar ba su ɓarna kuma ba su ƙwauro, suna tsayawa tsakani. A Suratul Isra'i, aya ta 29, an hana ƙulle hannu a wuya, an kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya har mutum ya zauna abin zargi. Annabi Yusuf, alaihis salam, shawarar da ya ba mutanen Masar ita ce su bar hatsi a zangarniyarsa a shekarun wadata saboda shekarun fari. Kuma ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Ajiyar abincin gidanka daban, ɓoye kaya don ka tsawwala wa jama'a daban.

Na biyu, Madam ta Ƙungiya, adashen da kowa ke karɓar daidai abin da ya zuba, yawancin malamai ba su ga laifinsa ba. Amma rance da sharaɗin a mayar da ƙari, wannan riba ce, ko da ƙarin cikin akwatin ƙungiya zai koma. A kula da nan.

Madam ta Ƙungiya:
Na gode Malam. Mun tattauna wannan tun farko. Mu ba mu ɗora ƙari a kan rance. Abin da muke yi, ƙungiya ta sayi wake da kaka, mu zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam iska ba ta shiga, ƙwari ba su taɓa shi kuma ba a sa magani. In ya yi daraja mu sayar, ribar ciniki ce ake rabawa. Wasu ƙungiyoyin suna sa ƙarin, wannan kam akwai.

Ɗan Ader a Abijan:
Duk kun yi magana mai kyau, amma kuna kewaye babban abin. Ku bar ni in faɗa ko da za a ji haushi. Mu 'yan Ader da ke Abijan, da waɗanda ke Libiya da Aljeriya da Legas, mun san yadda ake samun kuɗin da muke aikowa. Mutum shida a ɗaki guda, garin rogo da ruwa, tura amalanke cikin rana. Ka je Nita ko Amana ka aika jika 50 ka ce a sayi buhu biyu. Bayan wata biyu a kira ka a ce hatsi ya ƙare. Ka bincika, buhu guda aka saya, sauran sun tafi anko da gudummawar buki. A wata guda mace ta yi anko uku, kowanne da ɗinki da kallabi, atamfar da ba za a sake ɗaurawa ba sai jefi-jefi. Wannan ne ke cinye Tawa, ba magi ba.

Maman Nana:
Yayana, na ji zafin maganarka, kuma wahalarku ba wanda ya raina. Amma ku maza kuna kallon buki kamar wasa ne. Abin da mace ta kai gidan suna ana riƙe shi, ana rubutawa. Ranar da nata ya tashi, shi ke dawowa. Lokacin da na haihu, sabulu da atamfa da kuɗin da suka shigo, su suka riƙe mu wata biyu, a lokacin maigida ba aiki. Matar da ba ta zuwa na mutane, ranar da abu ya same ta ita kaɗai za ta zauna. Wane banki ne zai zo ya yi miki daka ranar rasuwa?

Ɗan Ader a Abijan:
Ban ce a yanke zumunci ba. Anko zumunci ne?

Maman Nana:
Anko kam ban kare shi ba. Ni kaina na rage, sai na ɗan uwa na jini. Amma ka sani, wadda ta je ba anko, akwai kallon da ake yi mata, kuma ba kowace mace ke iya ɗaukar wannan kallon ba.

Inna ta Guben Zogi:
Ku biyun duk kuna da gaskiya. Buki ajiya ce, haka muka taras. Inda ya lalace shi ne ninki. Na kawo miki jika ɗaya, ke ki mayar da biyu, ni in mayar da huɗu, har a kai inda ɗaya za ta ci bashi ko ta sayar da akuya don kada a ce ta gaza. A da in abin ya yi nauyi, manya kan zauna su ce a yanke, a koma ƙasa. Yanzu kowa na jin kunyar fara faɗa. A zurinmu mun zauna mun tsaida magana: ba ninki, abin da aka kawo shi ake mayarwa, anko kuma sai na aure, shi ma atamfa mai sauƙin kuɗi. An yi gunaguni wata biyu, an saba. Mace ɗaya ba ta iya karya wannan al'ada, amma dangi guda in sun haɗa baki suna iyawa. Ku kuma 'yan cirani, in kuna son buhu, ku aika wa mai hatsin da kuka yarda da shi kai tsaye ya kai gida, kuma ku ware wa matanku nasu na hidima daban, ko kaɗan ne. In ba ka ware ba, daga cikin hatsin za a cira, don hidimar ba ta fasawa.

Madam ta Likita:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in saka bakina ta ɓangarenmu. Abin da ke rusa lissafin gida farat ɗaya ciwo ne, kuma mafi yawa masassarar cizon sauro, daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da hatsi ya fi tsada kuma ana shirin lakwal. Yaro ya yi zazzaɓi, a sayi ƙwaya wajen mai tebur ko mai yawo da magani a ka, kwana uku ana gwaji, sai an ga ya galabaita a kawo shi. Abin da gwajin jini da maganin kwana uku za su gama ya koma kwanciya da ƙarin ruwa, wani lokaci har ƙarin jini. Ku kwana cikin gidan sauro. In masu rabon maganin rigakafi na damana sun zo ƙofar gida, na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ku karɓa ku cika kwana ukun, kyauta ne. Tun 2006 doka ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a likitar gwamnati, ko da yake wani lokaci magani kan yanke a rubuta maka ka saya. A 2024 kuma an rage kuɗin ayyukan likitar gwamnati da rabi. In an ba ku takardar magani, ku tambayi mai farmasi ko akwai jenerik, sinadarin ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta. Mushe, a lissafinka ka sa layin magani ko jika 3 ne, a ajiye ko ba wanda ya yi ciwo.

Baba mai Ritaya:
'Ya'yana, na karanta duka. Ni na yi aikin gwamnati lokacin da aka karya darajar sefa a Janairun 1994. Mun kwana faran Faransa guda na sefa 50, muka tashi yana 100. Duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi, albashi na nan inda yake, kuma a shekarun nan sai a yi watanni ba a biya ba. Na ga yunwar 2005 a nan jihar Tawa. Na ga 2023 da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wuta, hanyar Kwatano ta rufe, shinkafa ta yi tsadar da kowa ya sani. Duk lokutan nan, gidajen da suka tsaya da ƙafarsu su ne masu hatsi a ɗaki da 'yar dabba a turke, ko da albashinsu ƙarami ne.

Ga yadda na riƙe gidana. Ranar da albashi ya shigo ba na biyawa ta kasuwa ko fada, gida nake zuwa. Ina da gwangwanayen madara, kowanne da aikinsa: haya, cefane, wuta da ruwa, ƙauye, hidimar jama'a, da na ajiya. Na ajiya shi nake fara cikawa, don wanda ya ce sai abin da ya rage zai ajiye, ba abin da zai rage. Gwangwanin hidima in ya ƙare ya ƙare. Wanda ya zo bayan nan sai in je da ƙafata in yi addu'a in ce Allah Ya sa alheri, kuma ban ga wanda ya kore ni ba.

Ragon layya ban taɓa sayensa a satin Salla ba. Wata biyar ko shida kafin nan nake sayen ɗan matashi, a turke shi, dusar gida da harawar da na saya da kaka da ruwan tsari su yi aikinsu. Amma a yi lissafi, don in harawa za ka saya da bazara ɗauri-ɗauri, ribar ta tafi.

Abu na ƙarshe, Mushe, kuma shi ya fi muhimmanci: bashin mai butik. Muddin kana buɗe wata da biyan na watan jiya, albashinka ba 120 ba ne. Kada ka yi maganar buhu uku bana. Ka fara kashe wannan, ko a wata uku ne.

Mai Butik na Sabon Gari:
Baba ya faɗi gaskiya. Kuma mai ɗauka a littafi ba ya tambayar farashi, ba ya zuwa wani wuri ya gwada, kuma yakan ɗauki abin da da kuɗi ne a hannunsa ba zai saya ba. Ni ma na fi son kuɗi hannu, don jarina ne ke kwance a littafin nan.

Ƙaramar Amarya:
Ina da tambaya iyayena. Gas ya fi sauƙi ko icce? Mu biyu ne kawai da jariri.

Maman Nana:
Ƙanwata, ku biyu kam gas, ƙaramar kwalba mai kilo 6 za ta kai ku nesa in kina rufe tukunya kina rage wuta bayan ta tafasa. Gida mai yawa ne tuwo da wake ke shanye shi. Mu mun raba: shayi, miya da ɗumame a gas, tuwo a murhun Mai Sauƙi na ƙarfe, wanda ba ya cin icce kamar duwatsu uku. Wake ki jiƙa shi tun dare.

Mai Kabu-kabu:
Inna, Madam ta Ƙungiya, na yi shiru ina tunani. Dala 40 ɗin zan gwada, kuma zan yi wa abokan tasha maganar adashe. Amma ina so a rubuta wannan a ajiye: akwai inda tattali ke tsayawa. Mafi ƙarancin albashi a doka jika 42 ne, kuma da yawa a garin nan ko shi ba su samu. Mai gadi da ke da yara biyar, ko ya fi kowa iya lissafi, kuɗin ba su isa. Kada mu bar nan da tunanin duk wanda bai ajiye ba almubazzari ne. Hatsin rahusa da OPVN, ma'aikatar ajiyar cimaka ta gwamnati, ke sayarwa lokacin tsanani na taimakawa, amma ba ya isar kowa.

Baba mai Ritaya:
Ba mai musun wannan, ɗana. Wanda ke da buhu uku a ɗaki, maƙwabcinsa mai gadin nan na da haƙƙi a kansa.

Alhaji mai Taya:
Nan kam na yarda. Amma maganar nuna wa mace albashi ina nan kan bakata.

Mushe na Wadata:
Na gode ƙwarai, iyaye da 'yan uwa. Daren jiya mun zauna da Madam da takarda. Ta nuna mini wajen jika 5 da ke tafiya a ƙulle-ƙullen mai da sukari da omo, ni kuma na duba salula na ga kredi da intanet sun kusa jika 6 a wata. Ga abin da muka tsaida: kuɗin cefane zan ba ta na wata. Hidimar jama'a jika 5, magani jika 3. Bashin butik jika 21 ne, za mu biya 7 duk wata har ya ƙare, kuma ba sabon ɗauka. Buhu uku bana ba zai yiwu ba, amma ina iya fidda kuɗin rabin buhu ƙarshen watan nan. Ko akwai wanda zai haɗa da ni mu raba guda?

Mai Kabu-kabu:
Rabi ya fi ƙarfina, Mushe. In an samu na uku, ni zan ɗauki tiya 10, kuma ɗaukowa daga kasuwa a kaina, ba sai an biya amalanke ba.

Ƙaramar Amarya:
Na tambayi maigida, ya ce mu ma a sa mu tiya 10.

Inna ta Guben Zogi:
To buhu ya cika: Mushe 20, ku biyu goma-goma. Ku bari sai Lahadi ta biyu bayan an biya albashi, satin farko 'yan kasuwa sun san akwai kuɗi a gari. Ku zo da safe kafin rana ta yi, ku same ni wajen 'yan hatsi. Kada ku yarda da abin da ke bakin buhu, a zura hannu har tsakiya a ɗebo, a duba tsakuwa da ƙaiƙayi, a ciza a ji ko ya bushe. Kuma a auna a gabanku da tiya guda, kowa ya zo da buhunsa.